Lafiyar Ma'aikaci Cikin Hutu Da Bayansa

Babban hutun makarantu a ƙasar nan ya kan fara ne wajen ƙarshen watan Yuli ya kai har cikin Satumba, watau mako shida ko bakwai a tsakiyar damina. Ma'aikatan ofis kuwa kowa da nasa hutun shekara, daga mako biyu zuwa wata guda gwargwadon muƙamin mutum, da yawansu kuma su kan so su haɗa shi da na makaranta don su tafi gida da iyali gaba ɗaya. Ba mai musun cewa hutu hakki ne. Wanda ya yi wata tara yana fama da alli da hayaniyar yara, ko da fayil da lissafin haraji, ya cancanci ya miƙe ƙafa. Amma duk wanda aikinsa ya shafi zagaya makarantu ya san abin da a kan tarar a makon farko da na biyu bayan an koma. Wannan malami yana kwance da zazzaɓi, wancan ya aiko da takarda wai cikinsa ya ɓaci, wanda ya samu zuwa kuma yana koyarwa daga zaune, in ya tuka keke mil guda sai haki. An sallami mutum don ya je ya sabunta ƙarfinsa, ga shi ya komo da ƙasa da abin da ya tafi da shi. Yara kuwa su ke biyan wannan bashi, domin mako biyun da suka salwanta a farkon zango ba a sake samunsu.

A ganinmu tushen abin ɗaya ne. Lafiyar da yawancinmu ke da ita a lokacin aiki ƙararrawa ce ta ba mu ita. Ita ke tashe mu tun duku-duku, ita ke sa mu tafi makaranta a ƙasa ko bisa keke, ita ke tsai da malami a gaban allo sa'a biyar ko shida yana kai da kawowa tsakanin bencina. Ita ke yanka mana lokacin cin abinci, tsoron makara gobe kuma shi ke kai mu shimfiɗa da wuri. Mutum ya kan ɗauka shi mai tsari ne, alhali kuwa tsarin na makaranta ne, aronsa aka ba shi. Ran da aka rufe makaranta sai mai abu ya karɓe abinsa. Saboda haka wanda ke son ya komo daga hutu da lafiyarsa, lalle ne ya yi wa kansa wata ƙararrawa wadda za ta bi shi duk inda ya tafi.

Kada a ɗauka yawan zama ƙaramin abu ne. A cikin 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan motocin haya na birnin Landan, mutum wajen 31,000. Motocin nan masu bene ne. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka bisa matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya su ke ciki, hanya ɗaya su ke bi, amma aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in kuwa ya kama su ya fi saurin kashe su. Likitan ya juya wajen ma'aikatan gidan waya, ya gwada masu yawon raba wasiƙu da akawunan da ke zaune bisa kujera, abin ya sake fitowa haka nan. Akawu ya lura da wannan da kyau, domin shi ko a lokacin aiki ma direba ne. Malamin makaranta kuwa kwandasta ne wata tara, sa'an nan ya koma direba cikin hutu.

Jiki kuma ba ya jinkiri wajen sakin ƙarfin da aka daina nema daga gare shi. A 1966 a birnin Dalas na Amurka likitoci suka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, masu cikakkiyar lafiya, mako uku ba tashi. Da aka auna su sai aka ga ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu wajen aiki ya ragu da fiye da rubu'i. Bayan shekara 30, watau a 1996, aka nemo mutanen nan biyar sun kai hamsin, aka sake auna su. Tsufan shekara talatin bai rage musu abin da kwanciyar mako uku ta rage ba. Hakika ba wanda ke kwanciya irin wannan a hutu. Amma a dubi yadda yinin yawancinmu ya ke a gida. Barci bayan asuba har hantsi, tabarma a gindin darbejiya har azahar, dara ko karta ko danna waya har la'asar, in kuwa za a je gaisuwa unguwar da ke bayan kasuwa sai a hau babur. Tazarar da ke tsakanin wannan da gadon Dalas ba ta kai yadda mu ke zato ba.

Laifin ba na malam kaɗai ba ne. Ma'aikaci in ya je garinsu baƙo ne mai daraja. In ya ɗauki guga sai a fizge, in ya taɓa fartanya sai a ce, "Haba Malam, ai ka fi ƙarfin wannan." Gwaggo ta aiko da akushi, inna ta aiko, gidan surukai su aiko, matar yaya kuma ta ce ba ta yarda ba sai an ci nata. Duk ƙauna ce, ba kuwa za mu ce a raina ta ba. Abincin ma ba shi da aibu. Tuwon dawa da miyar kuka, da ɗanwake, da fura da nono, da rama da zogale da tafasa waɗanda damina ke kawowa, duk sun fi yawancin abin da mu ke saye a birni. Inda gizo ke saƙar shi ne, malmala ukun da manomi ke ci ya riga ya biya kuɗinta da gumi tun safe har rana ta take tsaka. Malam ya zauna akushi ɗaya da shi, ya ci rabon manomi, alhali aikin mai jinya ya yi.

Sa'an nan ga abin da zamani ya ƙara. Karramawar baƙo yanzu ba ta cika sai da lemon kwalba, kwalba ɗaya kuwa matsakaiciya tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce giram 50 a yini, watau kamar cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Wanda ya zaga gida uku gaisuwa ya sha kwalba uku ya riga ya ninka rabonsa, ban da kofin da ke jiransa a teburin mai shayi da daddare. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5 aka ce, bai cika cokalin shayi ɗaya ba, ga shi ɗunƙulen ɗanɗano da a ke jefawa cikin miya uku-uku kusan rabinsa gishiri ne. Za a ce ai ƙin abinci a gidan dangi cin fuska ne. Gaskiya ne, mu ma ba mu ce a ƙi ba. Hausawa sun daɗe da sanin yadda a ke karɓar akushi ba tare da an ga gindinsa ba: a sa albarka, a ɗanɗana, a yaba wa mai girki, a kira yara. In an miƙo kwalba, mutum ya ce, "Gwaggo, zaƙi ba ya yi mini, a dama mini fura kawai." Ba mu taɓa jin gwaggon da ta yi fushi don an fi son furarta a kan lemon kanti ba.

Akwai wata gaisuwa da a kan yi wa wanda ya komo, a ce, "Kai, hutu ya karɓe ka!" Mai faɗa yabo ya ke nufi, domin har yanzu da yawanmu na ganin teɓa alamar wadata ce, babbar riga kuwa mai rufin asiri ce, ba ta taɓa gaya wa mutum ya ƙaru. A shekarar 2000 waɗansu likitocin Amurka suka bi mutum 195 suna auna su kafin bukukuwan ƙarshen shekara na can da bayansu. Abin da suka ƙaru da shi bai taka kara ya karya ba, bai ko cika rabin kilo ba. Amma da aka sake auna su da shekara ta zagayo, sai aka ga wannan ɗan ƙarin yana nan bai tafi ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. In aka yi lissafi, rabin kilo kowace shekara kilo biyar ne cikin shekara goma, ma'aikacin da ya kama aiki siriri sai ya kai arba'in da hawan jini ko ciwon sukari, yana mamakin inda suka fito. Wanda ba shi da ma'auni ya samu igiya, ya yanke ta daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka biyu, ya zagaya ta a cikinsa wajen cibiya. In ta haɗu, madalla. In ba ta haɗu ba, to, kugunsa ya wuce rabin tsawonsa, wannan kuwa ita ce iyakar da likitoci suka ce kada a ƙetare. A gwada ran tafiya, a sake gwadawa ran komowa.

To, me ya ishi mutum? Ba mu nufin kowa ya mai da hutunsa sansanin soja. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta wa babban mutum shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, watau aƙalla rabin sa'a kwana biyar, tare da aikin ƙarfi kwana biyu. Riƙe ƙarfin da aka riga aka samu kuma ya fi samo shi arha ƙwarai. A 1981 wani malamin jami'a a Shikago mai suna Hickson ya horad da mutane mako 10, kwana shida a kowane mako, sa'an nan ya rage wa waɗansunsu zuwa kwana biyu kawai har mako 15. Ƙarfinsu bai ragu ba. Amma a wani gwajin da ya yi daga baya, da aka bar yawan kwanakin aka sassauta wahalar aikin, sai ƙarfin ya fara zubewa. Ma'anar wannan ga mai hutu a fili ta ke. In sha'anin biki da gaisuwa da ta'aziyya ya cinye masa mako, ya ceci kwana biyu, amma a kwana biyun nan ya yi tafiyar da za ta sa shi gumi. Jan ƙafa daga zaure zuwa majalisa ba ya shiga lissafi.

Ga kuma gona a bakin ƙofa. Hutun ya zo daidai da maimai da huɗa, ƙarshensa ya kama farkon girbin gero, ba kuwa wani wasan motsa jiki da ya fi sa'a guda a kunya da fartanya. Abin da ke hana mu kunya ce ta wofi, wai kada a ga mai albashi a sunkuye. Wannan girman kai ba daga magabatanmu na aikin gwamnati muka gaje shi ba. Sardauna Ahmadu Bello ya koyi wasan ƙwallon bango, wanda a ke bugawa da tafin hannu, a Kwalejin Katsina tsakanin 1926 da 1931, bai kuwa bar shi ba har bayan ya zama Firimiya a 1954. In mai rawani irin wannan bai ji kunyar a ga guminsa ba, ina dalilin malamin aji huɗu? Sai dai a bi sannu. Hannun da ya saba da alli zai yi kanta, bayan da ya saba da kujera zai yi ƙara, saboda haka a fara da rabin sa'a da sanyin safiya. Wanda ya wuce arba'in, ko ya san yana da hawan jini, ya ga likita kafin ya ce zai yi gasa da ƙannensa, in kuwa ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri ya ɗebe shi ya ajiye fartanya nan take.

Ƙararrawar da muka ambata kuwa ba sai an saya ba. Asuba da la'asar suna nan a kowane gari, ba su zuwa hutu. Wanda ya ɗaura wa kansa cewa daga masallacin asuba ba zai koma shimfiɗa ba sai ya kai bakin rafi ya komo, ko kuwa bayan la'asar zai je gaida dangi a ƙasa maimakon bisa babur, ya riga ya samu tsarin da ba ya bukatar agogo. Niyyar da aka ce "wani lokaci cikin yini" ita ce ba ta rayuwa. Ran da ruwa ya tsare mutum, zaure ya isa a yi tsugunne-tashi a cikinsa.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in sauro ya riga mu. Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya duka, a Arewa kuwa ƙarfinsa daga Agusta ne zuwa Oktoba. Ciwon ba ya bayyana sai bayan kwana 10 zuwa 15 da cizon. A nan ne asirin makon farko na zango ya ke. Malamin da ya kwana a tsakar gida ba gidan sauro a makon ƙarshe na hutu ya kan komo garau, ya sa hannu a rajista, ran Alhamis ya faɗi. Gidan sauro ba ya cika jaka, kowa ya tafi da nasa da na 'ya'yansa, kada ya dogara ga na masauki. In zazzaɓi ya zo a je a gwada jini tukuna, in an ba da maganin kwana uku a shanye shi duka ko da an ji sauƙi a rana ta biyu. Masu ƙananan yara kuma su tambayi ranar da a ke bi gida-gida da maganin rigakafi na wata-wata, wanda a ke ba 'yan wata 3 zuwa shekara 5 da damina, don kada tafiya ta sa yaro ya rasa nasa a can ya rasa a nan.

Ruwan sha ma haka. Damina ta kan kwaso ƙazantar bayan gari ta zuba a rijiyar da ba ta da murfi. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin Arewa. A tafasa ruwa, kada a ji nauyin masu cewa Malam ya zama Bature. Iyayenmu sun ga zamanin da kurkunu ke kwantar da ƙauye guda a tsakiyar noma, fiye da mutum 600,000 aka ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980, amma da tace ruwa da tsare tafkuna aka kai ga tabbatar wa ƙasar nan rabuwa da shi a 2013. Yaran birni kuma a hana su wanka a kududdufi, can a ke ɗauko tsargiya. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na sukari ya ƙirga ƙwayoyinsa su kai shi har ran komowa da ƙarin mako guda. Lalle za a samu kawun da zai ce a bar ƙwayar nan ga sassaƙe. A gode masa da ladabi, a ci gaba da shan ƙwaya, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo.

Malamai mata nasu sha'anin dabam ne, ya kamata a faɗa. Hutun da maigida ke yi a tabarma su a gindin murhu su ke yin nasa, ga baƙi, ga wanki, ga biki. Abin da su ke rasawa barci ne da zama, babban mutum kuwa yana bukatar barcin sa'a bakwai ko fiye. Maigidan da ya ɗauke wa iyalinsa ɗiban ruwa da faskare ya samu motsin da ya ke nema, ita kuma ta samu hutun da aka ba ta.

Komowa ita ce inda a kan yi asara ta biyu. Da yawa su kan sauka daga mota daren Lahadi su shiga aji ran Litinin. Gara a komo da kwana uku ko huɗu, a mai da lokacin barci inda ya ke a da, a share ɗaki, a duba keke. Wanda kuma hutu ya ci shi duk da ƙoƙarinsa, kada ya ce zai rama cikin mako guda da gudu da ƙin cin abinci, ya fara da rabin abin da ya saba, ya ƙara kaɗan kowane mako. Mafi muni shi ne mai cewa tun da abu ya riga ya lalace sai baɗi. A 2009 masu bincike a Landan suka bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga a matsakaici kwana 66 ta ke ɗauka kafin ta zama jiki, wani 18 wani har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Zangon karatu ɗaya ya fi kwana 80. Ɗabi'ar da aka kama a makonsa na farko za ta iya yin saiwa kafin hutu na gaba ya zo.

Muna roƙon shugabannin makarantu da na ofisoshi su sa hannu. A taron malamai na ƙarshe kafin a tashi, bayan an gama maganar jarrabawa da makullai, a ɗauki minti goma a yi maganar gidan sauro da ruwan sha da ƙwayoyi. In an komo, malamai su shiga motsa jikin safe tare da yara, su daina tsayawa a inuwa da hannu a baya suna ba da umurni. Kwalejojin horon malamai kuma su koya wa ɗalibansu wannan tun suna can, gama su ne za su tafi hutu shekara da shekaru nan gaba. Sa'an nan a makon farko na kowane zango hedimasta ko shugaban ofis ya gayyato malamin asibiti mafi kusa ya zo da abin awon jini, a auna kowa tun daga shugaba har masinja, a rubuta a littafi guda a ajiye don a gwada da na zango mai zuwa. Awon mutum ɗaya ba ya cin fiye da minti biyar.